Zalɓen da Ya Daɗe a Layin Jira

Ranar da Maigadi ya fara ganinta, zuwa ta yi ta ƙaryata shi a gaban jama'a. Cikin ladabi kuma ta yi, wanda shi ne ya fi ciwo.

A saman benen laburaren da yake aiki aka yi taron, a ɗakin da ake ajiye kujerun da suka gaji da duniya. Masu rubuta Kundin ne suka taru. Kundin nan rumbun sani ne a intanet, cikin harshensu, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta, ya ƙara, ko ya goge. Ba a biyan kowa, shi ya sa kowa ke jin gadon gidansu ne.

Abin da ya tara su giwa ce. Wani mara aikin yi ya shiga shafinta ya rubuta cewa ƙwai take yi, maganar ta zauna a nan ba wanda ya lura, har wata malama ta kwafa ta koya wa ɗalibanta.

Maigadi ne ya kawo shawarar. Ya ce duk gyaran da sabon hannu ya yi a tsare shi a layin jira, kada ya fito fili sai tsohon hannu ya duba ya danna amincewa. Wanda aka amince da gyaransa ɗari kuwa, an yaye shi, nasa ya riƙa wucewa kai tsaye.

Injiniya ya miƙe. Mutum ne mai ƙaton agogo da muryar da ba ta buƙatar lasifika.

"Kundin na kowa ne! Kai wa ya naɗa ka maigadi?"

Aka yi dariya, sunan ya manne. Ba a sake kiransa da wani ba.

Sai wata ta ɗaga hannu daga baya, kusa da taga, da farar rigar aiki a ninke a cinyarta. Ya san ta a rubuce. Ita ce mai sa hannu da Balbela, wadda ba ta rubuta komai sai tsuntsaye. Bai taɓa zaton tana da fuska ba, balle irin wannan.

"Malam, ranar da na fara, layi biyu na rubuta, da kuskure uku a ciki. Na ga ya fito nan take, na wuni ina buɗe shi ina kallo. Da an ce mini in jira, da ban dawo ba. Ƙofar da ka sa wa kwaɗo saboda ɓarawo, ita baƙo zai tarar."

"Kuskure ukun nan," ya ce, "ni na gyara su."

"Na sani, na kuma gode. Amma sai da na shigo ka gyara. Ba a bakin ƙofa ba."

Ya koma ya zauna.

Aka kaɗa ƙuri'a, ya ci. Irin cin da mai gaskiya kan yi: da kyar, kuma ba wanda ya taya shi murna.

Tsoffin hannun da suka goya masa baya kowa ya samu uzuri. Wannan ya yi aure, wancan wayarsa ta faɗa ruwa, ɗayan ya tafi ƙaro karatu. Sababbi suka rubuta, suka jira, suka gaji, suka koma inda ake yabon mutum tun bai gama magana ba. Injiniya ya kwashe mutanensa zuwa wani zaure a waya, inda suke tattauna makomar Kundin daga safe zuwa yamma ba tare da sun ƙara masa harafi ba. Giwa ta daina ƙwai. Ta kuma daina samun baƙi.

Ya rage Maigadi da mabuɗi.

Kaɗaici ba baƙonsa ba ne. A laburare ɗalibai na shigowa da yawa, amma wajen jona caji suke nufa, su gaishe da bango su wuce shi. Ɗakinsa na haya a bayan gidan burodi yake, ƙamshi ya ishe shi, maƙwabci babu. Kofi ɗaya gare shi, da kujera biyu, ta biyun littattafai ne ke zaune a kanta tun da ya tare. Yayarsa kan kira shi ranar hutu ta tambaya ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ta ce ƙarya yake, su yi sallama.

Mutum ɗaya ce ba ta daina rubutu ba. Kullum da hutun rana gyaran Balbela zai faɗo layin jira. A ƙasan kowane gyara akwai ɗan akwati da ake faɗin dalilinsa, mutane kan rubuta "gyara" su wuce. Ita takan rubuta:

"Na ƙara abin da hazbiya ke ci. Maigadi, a buɗe."

Shi kuma: "An buɗe. Madogarar, shafi na nawa?"

"Na arba'in da biyu. Kai ko murmushi sai da madogara?"

"Murmushi ba ya shiga Kundi."

"Allah sarki, Kundi."

Ya fara cin abincinsa da wuri don kada gyaran ya same shi da cokali a hannu. Yana da lambarta tun ranar taro. Ya rubuta mata saƙonni da dama, ya duba su da idon sana'a, ya ga duk ra'ayi ne babu hujja, ya goge.

Wata rana ya yi ta maza ya je shagon tabarau inda take auna ido. Ta zaunar da shi, ta rufe masa ido ɗaya, ta nuna allon haruffa da ke bayanta. Ya karanta tun daga sama har ƙasa.

"Idonka lafiya lau. Har sunan waɗanda suka buga allon ka karanta mini."

"Wani lokaci yana yi mini hazo-hazo."

"Yaushe?"

"Da rana. Wajen hutu."

Ta sunkuyar da kai tana goge gilashin da ba shi da datti.

"Ka san aikin nan? Mutum hamsin za su zauna a gabana, kowa na kallon bayan kaina. Shi ya sa nake leƙa tagar baya. Akwai kududdufi a can, tsuntsaye na zuwa. Su in sun kalle ka, kai suke kallo."

Ta bar masa fili. Ko makaho ya ga filin nan. Maigadi ya gyara murya.

"Shafin shamuwa," ya ce, "yana buƙatar ƙarin madogara."

"To," ta ce. "Allah ya ƙara lafiya."

Da ya fito ya tarar da motar Injiniya a ƙofar shagon, mai ita yana duba gashin bakinsa a madubi.

A makon nan ya lura da lissafin da na'ura ke yi a gefen sunanta. Casa'in da tara. Kafin ya gama haɗiye wannan, na ɗari ya faɗo: sabon shafi a kan zalɓe. Yadda yake tsayawa shi kaɗai a ruwa mara zurfi, ba motsi, yana jiran kifi. Yadda yake lanƙwashe wuya in ya tashi sama. Kowace jimla da madogararta, har da lambar shafi. A akwatin dalili ta rubuta:

"Wannan ya yi kama da wani da na sani. A buɗe."

Ya kai yatsa kan maɓallin. Idan ya danna, dokar da ya kawo da bakinsa za ta yaye ta. Gyaranta zai riƙa wucewa kai tsaye, layin jira ya zama fayau, hutun rana ya koma abin da yake a da, wato shi da cokali. Ya janye yatsan. Ya ce gobe.

Gobe ta zo, ta tarar da shi da wata goben.

Ta rubuta a shafinsa na tattaunawa: "Akwai matsala a zalɓe ne?"

Ya amsa da kalmomin da ma'aikatan duniya suka gada kaka da kakanni: "Ana dubawa."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ba ta kuma ƙara gyara ba. Shi da ya riƙe zalɓe don kada ta daina biyowa ta wajensa, sai ga shi ya samu daidai abin da ya gudu, da hannunsa, ba tare da taimakon kowa ba. Kullum da rana yakan buɗe shafin ya karanta. Shi kaɗai ne a duniya ke iya ganinsa, ya kuwa haddace shi.

Injiniya bai yi barci ba. Ya baza a zaurensu cewa Maigadi hassada yake yi wa yarinyar, don ta fi shi iya rubutu. Ya kira taro na biyu a soke dokar baki ɗaya. An kuma ce ana yawan ganin motarsa a unguwar su Balbela.

Ranar hutu Yaya ta gaji da ƙaryar waya ta zo da kanta. Ta kwashe littattafan kujera ta biyu ta zube a ƙasa, ta zauna, ta ƙwace wayar da yake kallo.

"Auta, tsuntsu? Duk ramar nan a kan tsuntsu?"

Ya gaya mata. Bai iya taƙaitawa ba, sai da ya haɗa da tarihin dokar.

"Kai dai ba ka canza ba," ta ce. "Kana yaro in an ba ka alewa, ɓoyewa kake yi don kada ta ƙare, sai mu tarar tururuwa sun yi biki. Yarinya ta yi aikinta tsaf, ka bar ta tana zargin kanta, don kai kana jin tsoron cin abinci kai kaɗai? Danna abin nan kafin in danna maka kai."

Ya danna. Zalɓe ya fito fili, layin jira ya zama fayau kamar yadda ya zata. Sannan ya rubuta saƙo, ya aika kafin mai dubawan da ke cikinsa ya farka:

"Balbela, na amince da zalɓe. Babu kuskure a ciki, tun ranar farko babu. Shi ne na ɗari. Daga yau gyaranki ba zai sake biyowa ta wajena ba, ni kuma ba ni da wani mai biyowa. Abin da ya sa na riƙe shi ke nan. Ba hujja ba ce. Ki yafe mini."

Amsar ta zo Yaya na ɗaura ɗankwali za ta tafi.

"Ka san sau nawa na koma littafin nan ina neman inda na yi kuskure? Har cewa na yi ashe ban iya ba, ka gaji da lallashina ne. Kada ka sake rubuto mini yau."

Yaya ta karanta ta kafaɗarsa.

"Ta ce yau," ta ce. "Ka ji ta ce har abada? Wawa."

Washegari da hutun rana wayar ta yi ƙara.

"Yau ba jiya ba ce. Kana iya rubutowa. Amma da bakinka, ba da madogara ba."

Ya rubuta: "Ina son ki."

"To. Shafi na nawa?"

"Duka littafin."

"Allah ya shirye ka, Maigadina."

A taro na biyu bai jira Injiniya ya fasa shi ba, shi ya fasa kansa. Ya ce dokarsa ta bar mabuɗi a hannun mutum ɗaya, mutum ɗaya kuwa yana da zuciya, shi ma bai sani ba sai kwanan nan. Injiniya ya ce to a cire ƙofar gaba ɗaya. Sai Balbela ta miƙe, kowa ya gyara zama don a ga yadda za ta binne Maigadi.

"A bar ta a shafukan lafiya da magani," ta ce. "Giwa mai ƙwai abin dariya ce. Amma a shagonmu na ga abin da mutane ke ɗiga wa idonsu don sun karanta a waya. Sauran shafuka a buɗe. Kuma kada gyara ya wuce mako a hannun mutum ɗaya, a miƙa wa wani."

Haka aka yi. Aka kuma naɗa ta cikin masu dubawa, tunda ita ta yi magana. Wannan shi ne ladan mai kawo shawara a ko'ina.

Da shi da Balbela sun san abin da ke jiransu a gida, da ba su yi saurin murna ba.

Mahaifinta tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Ranar da Maigadi ya je gaishe shi, ya durƙusa a gefen kafet, tsohon ya dube shi ta saman tabarau.

"An ce kai ne mai duba rubutun mutane a Kundin nan."

"Ni ne, Baba."

"Kwanakin baya wani bawan Allah ya rubuta a shafin makarantar da na riƙe cewa ba a taɓa yin hedimasta mai ƙwazo da hangen nesa kamar wani ba. Aka ƙi karɓa. Aka rubuta masa, wai, wannan kirari ne, ba bayani ba."

Maigadi ya tuna jimlar. A lokacin har ya ji daɗin yadda ta fito.

"Baba, ban san kai ne..."

"Na ce maka ni ne? Cewa na yi wani bawan Allah." Ya juya wajen 'yarsa da ke bakin ƙofa. "Mutumin da sana'arsa neman kuskure, shi za ki kai wa kanki? Gishiri ya yi yawa, sai ya nemi madogara. Ga Injiniya nan, yaro mai ladabi, ya san darajar manya. Tashi, ɗan nan, ka gaida gida."

Saƙonninsu na lokacin gajeru ne.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Yaya ta ce ƙarya kake. Baba bai sauko ba. Ya ce in mayar masa da rubutunsa tunda yanzu ina da mabuɗi."

"Kika ce me?"

"Na ce kirari ne, ba bayani ba. Yau ko gaisuwata bai amsa ba. Zalɓena, ka yi haƙuri, ka iya tsayuwa ai."

Ya koma ga kofinsa ɗaya. Littattafan da Yaya ta zube bai mayar da su kan kujera ba. Yakan zauna ya dubi kujerar, wofi, ya ga ta fi da cika ɗakin.

Injiniya ne ya warware matsalar, ba da niyya ba. Da ya ji labarin, ya ga ƙofar surukuta a buɗe, shafin makaranta ma yanzu a buɗe yake. Ya shiga ya mayar da yabon, ya ƙara da nasa. Ya rubuta cewa hedimastan da hannunsa ya gina ajujuwan, cewa bai taɓa makara ba ko sau ɗaya, cewa ranar da ya yi ritaya har masu gadi sun suma. Ya tura wa tsohon, yana jiran albarka.

Kafin albarkar ta iso, tsoffin malaman makarantar sun gani. Wayar tsohon ta fara ƙara. Wannan ya tambaya ko har yanzu yana karɓar aikin gini, yana da katanga da ta faɗi. Wancan ya ce shi ne ya riƙa buga masa ƙararrawa duk safiyar da ya makara, yana neman a saka sunansa. Wata tsohuwar malama ta kira ba ta ce komai ba, dariya kawai ta yi har katinta ya ƙare.

Da yamma aka aika a kira Maigadi.

"Wa ya cire ƙofar nan?" tsohon ya tambaya tun bai gama durƙusawa ba. "Haka kawai kowane mahaukaci ya shiga ya rubuta abin da ya ga dama a kan mutum?"

"An yi ƙuri'a ne, Baba."

"Ƙuri'a! Goge mini shi. Duka."

Ya goge. Tsohon ya karɓi wayar ya duba shafin. Makarantar na nan, da shekarar da aka kafa ta, da yawan ajujuwanta. Shi babu shi. Ya daɗe yana kallo, sai Maigadi ya gane kallon, don shi ma ya yi irinsa a layin jira.

"Baba, akwai inda aka buga shekarun da ka riƙe ta?"

Tsohon ya tashi, ya dawo da mujallar makarantar, ta sha hannu har ta yi laushi. Maigadi ya rubuta layi ɗaya: sunansa, shekarar da ya karɓa, shekarar da ya sauka, da cewa a zamaninsa aka buɗe ɗakin karatu. Ya saka lambar shafi.

Hedimasta ya karanta. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Ba ƙwazo? Ba hangen nesa?"

"Wanda ya karanta zai gani da kansa, Baba."

"Hm. Wannan ba mai gogewa?"

"In an goge, zan mayar. In ban gani ba, ita za ta gani."

Tsohon ya dubi ƙofa, inda inuwar 'yarsa ta daɗe tana yin kamar ba ta nan.

"Ku biyun nan Allah ya haɗa ku don ku hana mutane sakewa. Gara ku taru a gida ɗaya, a san inda za a riƙa kauce wa. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure ba da wani dogon shiri ba. Yaya ta yi kuka, ta ce hayaƙi ne. Injiniya ya zo, ya yi jawabi ba a nema ba. Hedimasta ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su riƙa rufa wa juna kuskure ko da sun gani, aka ce amin. Ya ƙara da cewa Allah ya sa jikokinsa su yi kama da uwarsu, aka ce amin da ƙarfi.

Sun kama gida mai ɗaki biyu, har yanzu kusa da gidan burodin. Sun sayi kofuna shida, don amarya ta ce mutum ba ya sanin ranar baƙo. Sababbin hannu sun fara dawowa Kundin, da kuskurensu uku-uku, giwa ma an sake taɓa ta sau ɗaya, aka kama da wuri.

Gyaran Balbela bai sake biyowa ta wajensa ba. Ranar da ya koma aiki, da hutun rana, ya buɗe layin jira don sabo, ya tarar ba kowa. Ya ɗauki cokali. Wayar ta yi ƙara.

"Maigadina, na manta mabuɗina a kan tebur, kuma zan riga ka isa gida. Kada ka tsaya duba komai. A zo a buɗe."